Kasuwar Fatu ta Duwatsun Roki: Abin da Amurkawa Ke Tunawa Bayan Shekara 200, da Abin da Ake Jayayya a Kai

Duk shekara, daga watan Yuni zuwa farkon Satumba, wasu ƙananan garuruwa a yammacin Amurka sukan cika da mutane sanye da rigunan fata masu geza, kowa rataye da doguwar bindigar ɗuri, sun kakkafa tantuna a fili suna girki da itace. Wanda ya ci karo da bidiyonsu a Facebook zai iya zaton fim ake ɗauka, ko wata ƙabila ce ke bikin al'adarta. Akasarinsu kuwa ma'aikata ne da masu sana'ar hannu da 'yan fansho, waɗanda kan bar harkokinsu na 'yan kwanaki domin kwaikwayon wata kasuwa da ta riƙa ci sau ɗaya a shekara a tsakiyar Duwatsun Roki, tsakanin 1825 da 1840.

A watan Yulin 2025 kasuwar farko ta cika shekara 200, cikar kuma ta faɗo a lokacin da Amurkawa ke ja-in-ja kan yadda za a riƙa ba da tarihin ƙasarsu. A watan Maris na shekarar, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin a sake duba bayanan da ke kafe a wuraren tarihi na gwamnatin tarayya, a cire waɗanda ake ganin suna zubar da ƙimar Amurkawan da suka gabata. Magoya baya suka ce gyara ne, masu suka suka ce binne gaskiya ne. Yawancin bukukuwan kasuwar fatu ƙungiyoyin sa kai ne ke shirya su, don haka umarnin bai taɓa su kai tsaye ba. Amma tambayar da ta haifar da shi ta daɗe da iske su: labarin wa ake bayarwa a wajen bikin, wa kuma aka bari a waje?

Randebu, biba da mafarautan dutse

Ana kiran taron randebu, kalmar Faransanci mai nufin mahaɗar da aka yi alkawari. Tun shekara guda kafin lokaci ake tsayar da wuri, sai ayarin 'yan kasuwa daga birnin St. Louis na jihar Missouri ya taso da alfadarai ɗauke da kaya, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,500, ya iske masu ɗana tarko suna jira da fatun da suka tara.

Fatar biba ce hajar. Biba dabbar ruwa ce dangin gafiya, amma nauyinta kan kai kilo 20 ko fiye. Tana da faffaɗar jela da haƙoran da ke kayar da bishiya, da itacen kuma take datse ƙorama ta tara ruwa ta yi gida a tsakiya. Ba namanta ake so ba, ba ma fatar kanta ba. Lallausan gashin da ke ƙarƙashin dogayen gasunta ake nema, domin yana da ƙananan ƙayoyi da ke sarƙewa idan an turara shi an bubbuge, ya zama wani kauri mai sheƙi da ruwa ba ya ratsawa. Da shi ake yin doguwar malfar nan da masu hali ke sawa a Landan da Faris da New York. Turawa sun kusa ƙarar da tasu bibar tun da daɗewa, shi ya sa suka juyo Arewacin Amurka.

Su kuwa mafarautan dutse, wato masu ɗana wa biba tarko a cikin duwatsun, duk tsawon zamanin ba su wuce 'yan dubbai ba, kuma matsayinsu ba ɗaya ba ne. Akwai 'yan albashin kamfani, duk abin da suka kama na kamfani ne. Akwai waɗanda kamfani ke ba doki da tarko bashi, da sharaɗin shi za su sayar wa. Sai masu zaman kansu, waɗanda ke sayar wa duk wanda ya fi taya. Waɗannan na ƙarshe su ne 'yan tsiraru, amma su ne kusan kowa ke kwaikwayo a yau.

Aikin kansa ba na marmari ba ne. A kaka da farkon bazara ake yin sa, lokacin da gashi ya yi kauri, ruwa kuma ya yi sanyin ƙanƙara. Mutum zai shiga ƙorama da ƙafa don kada ya bar warinsa a gaɓa, ya ɗana tarkon ƙarfe a ƙarƙashin ruwa kusa da baki, ya kafa turken sarƙar a wuri mai zurfi. Sai ya tsoma tsinke a cikin wani mai mai ƙarfin wari da ake cirowa daga jikin bibar kanta, ya soke shi saman tarkon. Idan dabba ta zo shinshina, tarko ya kama ƙafarta, ta ruga cikin zurfi, nauyin ƙarfen ya nutsar da ita. Da safe a feɗe, a shimfiɗa fatar a kan zoben itace ta bushe. A watan Yuli gashi kan yi shara-shara, babu amfanin farauta, shi ya sa aka zaɓi watan ya zama na cin kasuwa.

Abin da ya sa aka kai kasuwa cikin daji

Kafin 1825, tsarin da aka saba shi ne kamfani ya gina sansani a bakin Kogin Missouri, 'yan asalin ƙasa, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a nahiyar, su kawo fatu su karɓi kaya. A watan Fabrairun 1822 William Ashley, wanda a lokacin shi ne mataimakin gwamnan Missouri, tare da abokin kasuwancinsa Andrew Henry, suka buga talla a jaridar St. Louis suna neman samari ɗari da za su bi kogin har mafarinsa, su yi aikin shekara ɗaya zuwa uku. Cikin waɗanda suka shiga aikin a shekarun farko akwai Jedediah Smith, da Jim Bridger, da Thomas Fitzpatrick, da William Sublette, da Hugh Glass, wanda labarin yadda dabbar beyar ta yayyaga shi a 1823 ya zama fim ɗin The Revenant a 2015.

A watan Yunin 1823 ƙabilar Arikara, waɗanda suka daɗe suna dillancin ciniki a bakin kogin suna kuma ganin ana neman tsallake su, suka auka wa mutanen Ashley suka kashe fiye da goma. Kogi ya toshe, bashi ya yi wa Ashley katutu. Sai ya tura su Smith ta tudu. Da kwatancen 'yan ƙabilar Crow suka bi ta South Pass a farkon 1824, wata faffaɗar kafa a cikin duwatsun da ko keken doki zai iya hawa, suka faɗa kwarin Green River inda biba ke da yawa.

Lissafin Ashley mai sauƙi ne. Gina sansani da ciyar da masu gadinsa kuɗi ne, dawo da ma'aikata gida duk shekara ɓata lokaci ne. Gara a bar su can, a kai musu kaya. Ranar 1 ga Yulin 1825 aka haɗu a gaɓar Henry's Fork, kusa da iyakar jihohin Wyoming da Utah ta yau. Mutane kimanin 120 ne, cikinsu har da 29 da suka gudo daga kamfanin Ingilishi na Hudson's Bay saboda farashin Amurkawa ya fi tsoka. Cinikin bai wuce yini guda ba. Ashley ya koma St. Louis da laba kusan 9,000 ta fatu, ya biya bashinsa, shekara ta zagayo ya sayar da harkar ga Smith da David Jackson da Sublette, daga baya ya zama ɗan majalisar wakilan Amurka.

Sau da yawa akan ce Ashley ne ya ƙirƙiro randebu, amma bai fara komai daga babu ba. Tun kafin zuwansa 'yan ƙabilar Shoshone na da taron ciniki na lokacin zafi a wannan yanki, inda dawaki da fatu da kayan da suka fito daga gaɓar tekun Pasifik da ƙauyukan Missouri ke sauya hannu. Kamfanin North West na Kanada ma ya daɗe yana irin wannan haɗuwa a Grand Portage, bakin Tafkin Superior.

Wa ya ci ribar?

Littafin lissafin Ashley na 1825 ya nuna yadda abin yake. Laba ɗaya ta kofi ko sukari dala ɗaya da rabi, albarushi dala biyu, taba dala uku, yadin mulufi dala shida. Fatar biba kuwa ana karɓarta a kusan dala uku kan laba, a kai ta St. Louis a sayar da riba mai kauri. Ke nan mai ayari yana cin riba a kayan da ya kawo, ya sake ci a fatun da ya kwashe. Masu kare 'yan kasuwar sukan tuna cewa ayari kan yi wata biyu ko fiye a hanya, ana iya kwashe alfadaransa a dare ɗaya, jarin kuma bashi ne mai ruwa. Haka ne. Sai dai idan aka duba waɗanda suka fita da dukiya, masu kai kaya ne irin su Ashley da William Sublette da Robert Campbell da iyalan Chouteau. Kamfanin Rocky Mountain Fur, wanda su Bridger da Fitzpatrick suka kafa a 1830 don su riƙa farauta da kansu, ya rushe a 1834 bashi ya yi masa yawa.

Ƙaramin mai tarko kuwa halinsa ɗaya da manomin da ya ci bashin taki da hatsi a hannun mai sayen amfanin gonarsa: kafin kaka ta zo an riga an cinye ta. Babu tsabar kuɗi a dutse, komai a rubuce yake a littafin akawu. Mutum zai miƙa fatun shekara, a cire tsohon bashi, ya ɗauki albarushi da dalma da tarko na shekara mai zuwa, saura ya tafi a giya da caca da tseren dawaki cikin mako biyu ko uku.

Giyar ma da labarinta. A taron farko ba a kawo ta ba. Daga baya ta zama hajar da ta fi kowace riba, domin tsantsar barasa ake ɗaukowa a sirka ta da ruwa. Majalisar Amurka ta taƙaita shigar da giya yankunan 'yan asalin ƙasa a 1822, ta haramta gaba ɗaya a 1832, amma 'yan kasuwa sun san hanyar zagaye. An taɓa karɓar takardar izini da sunan giyar ta matuƙan jirgin ruwa ce, alhali ayarin ta tudu zai bi.

A ƙasar wa aka ci kasuwar?

A takarda, wurin taron farko ba ƙasar Amurka ba ne. Yarjejeniyar 1819 tsakanin Amurka da Sifaniya ta bar wannan ɓangare a hannun Sifaniya, Meksiko ta gaje shi a 1821. Arewa da nan kuma yankin Oregon ne, wanda Amurka da Ingila suka amince a 1818 su riƙa shiga tare. Wannan ne ya sa kamfanin Hudson's Bay ya tura ayarinsa, ƙarƙashin Peter Skene Ogden, su ƙarar da bibar yankin Kogin Snake da gangan, don Amurkawa su zo su tarar babu abin da zai tsayar da su.

A ƙasa kuwa, masu wurin su ne Shoshone da Bannock da Ute da Crow, sai baƙi na kusa irin su Nez Perce da Flathead. A mafi yawan shekaru sun fi Turawa yawa a wajen taron nesa ba kusa ba. Ba kallo suke zuwa ba. Su ke kawo dawaki, da busasshen nama, da jemammun fatu, da takalma, su karɓi bindiga da wuƙa da tukunyar ƙarfe da duwatsun ado. Mafarauta da yawa sun auri matansu, matan nan kuma su ne masu jima, masu ɗinki, masu tafinta, kuma ta dalilinsu ne baƙo ke samun izinin zama a ƙasar surukansa. Su kansu masu tarkon ba Turawan Ingilishi zalla ba ne. Akwai Faransawan Kanada, da ruwa-biyu, da 'yan ƙabilun Iroquois da Delaware daga gabas, da mutanen garin Taos na New Mexico ta yau masu jin Sifaniyanci, da baƙaƙen fata irin su Jim Beckwourth, wanda aka haifa cikin bauta a Virginia, ya kuma yi shekaru yana zaune cikin Crow.

Zaman ba kullum lafiya ba. A 1832, ana watsewa daga taron Pierre's Hole a Idaho ta yau, wata tawagar mafarauta ta yi kiciɓis da 'yan ƙabilar Gros Ventre masu tafiya da iyalansu. Shugaban Gros Ventre ya fito da lofen sulhu a hannu. Antoine Godin na ɓangaren mafarauta, wanda aka kashe mahaifinsa a baya, ya kama hannunsa, abokin tafiyarsa ya harbe shi. Aka yini ana faɗa, mutane da dama suka mutu ta kowane ɓangare, har da mata da yara.

Yadda kasuwar ta mutu

Abu biyu suka haɗu mata. Biba ta yi ƙaranci saboda kamfanoni na rige-rigen kwashewa, yayi kuma ya juya a Turai. Masu malfa suka koma siliki da gashin wata dabbar Kudancin Amurka mai araha. John Jacob Astor, mai kamfanin American Fur, ya lura da haka tun 1832, ya sayar da hannun jarinsa a 1834. Karayar tattalin arzikin 1837 ta ƙara dagula lissafi, ciniki ya koma kan fatun bauna, waɗanda nauyinsu ya fi dacewa da sansanin dindindin da jirgin ruwa. A shekarar ce kuma jirgin kamfanin American Fur ya kai cutar agana saman Kogin Missouri, inda ƙabilar Mandan mai mutum kimanin 1,600 ta koma ƙasa da 150. Ba ta hanyar randebu cutar ta bi ba, amma harkar ɗaya ce.

Kafin ta mutu, kasuwar ta buɗe wata ƙofa. A 1830 Sublette ya kai kekunan dawaki goma har gindin duwatsun. A 1835 likitan mishan Marcus Whitman ya ciro kan kibiya daga bayan Jim Bridger a gaban jama'a, a 1836 ya dawo da matarsa Narcissa da Eliza Spalding, Turawa mata na farko da suka ƙetare South Pass. A taron ƙarshe, ranar 5 ga Yulin 1840, Fada Pierre-Jean De Smet ya yi sujadar Katolika a bakin Green River, a ayarin shekarar kuma akwai iyalin da suka fito da niyyar zama a Oregon. Cikin shekara talatin ɗaruruwan dubban baƙi sun bi hanyar, tsoffin mafarauta na yi musu ja-gora. Bridger ya gina zango don sayar musu da kaya. Wani tsohon mafaraucin, Kit Carson, ya zama hafsan soja, shi ya jagoranci yaƙin da ya kai ga korar ƙabilar Navajo daga ƙasarsu a 1864.

Daga kasuwa zuwa biki

Shida daga cikin tarurrukan, wato na 1833, 1835, 1836, 1837, 1839 da 1840, an yi su ne kusa da inda Horse Creek ke shiga Green River. Garin Pinedale na jihar Wyoming, mai mutum kusan 2,000, yana nan kusa, kuma tun 1936 mutanensa suke shirya wasan kwaikwayo a fili bisa dawaki don tuna abin, a mako na biyu na Yuli. A 1990 suka buɗe gidan tarihin mafarautan dutse. A Riverton ana yin biki a daidai filin da aka ci kasuwar 1838. Wanda ya fi cika shi ne na Fort Bridger a farkon Satumba, inda ƙauyen da mutanensa ba su kai 500 ba ke karɓar dubban baƙi.

Sha'awar ta bunƙasa ne ta hanyar masu son bindigar ɗuri, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1933, sannan ta bazu a shekarun 1970 lokacin da finafinai da shirye-shiryen cikar Amurka shekara 200 suka sa mutane waiwaye.

Dokar sansani ɗaya ce kusan ko'ina: duk abin da ido zai gani ya kasance irin na kafin 1840. Ba roba, ba zif, ba tocila. Mai akwatin ƙanƙara sai ya lulluɓe shi da bargo ko ya saka shi cikin akwatin katako. Akwai shugaban sansani da ake kira bushwe, da 'yan sintirinsa masu zagayawa suna duba tantuna. Ana gasar harbi, da jifa da gatari da wuƙa, da jifan kaskon suya na mata. A gasar ƙyastu mutum kan durƙusa da ƙanƙara da ƙarfe, ya ƙyasta tartsatsi kan ƙonannen tsumma, ya cusa shi cikin busasshiyar ciyawa yana hurawa, alƙali na riƙe da agogo har wuta ta kama. Da dare akan shimfiɗa bargo a yi musayar kaya ba kuɗi, wannan ya ajiye wuƙa, wancan ya ajiye ƙahon albarushi, sai an yarda a tafa.

Kamannin da ake kwaikwayo kuwa mafi yawansa daga hannun mutum ɗaya ya fito. Alfred Jacob Miller ne kaɗai mai zane da ya halarci randebu da idonsa, a 1837, kuma wani attajirin Sikotlan, William Drummond Stewart, ne ya ɗauke shi aiki. Zanensa shaida ce mai daraja, amma don faranta wa mai gidansa ya yi ta, yawancin manyan zane-zanen ma bayan ya koma gida ya kammala su.

Inda ake saɓani

Masu shirya bukukuwan suna cewa su ne ke riƙe da sana'o'in da da tuni sun ɓace: jima da ƙwaƙwalwar dabba da hayaƙi, ƙirar bindiga da hannu, ɗinkin duwatsun ado, sarrafa alfadari. Suna ƙara da cewa yaro ya fi fahimtar tarihi idan ya ɗaga tarko ya ji nauyinsa. A ganinsu zamanin randebu lokaci ne da Bature da ɗan ƙasa suka yi ciniki da auratayya kusan kafaɗa da kafaɗa, kafin zuwan soja da masu kwace filaye, don haka bai kamata a ɗora wa mafarauta laifin abin da ya biyo baya ba. Wannan hujja tana da tushe, domin a shekarun nan Shoshone da Crow ne masu ƙarfi a ƙasa, baƙi kuma da yardarsu suke zaune.

Masana tarihi da dama ba su musa ƙwarewar ba, labarin da aka ɗora a kanta suke tuhuma. Tun 1963 William Goetzmann ya nuna cewa yawancin mafarautan ba masu gudun duniya ba ne, masu neman jari ne da ke fatan komawa gida su sayi gona ko su buɗe kanti. Hoton namiji shi kaɗai a dutse, ba shugaba ba bashi, ya saɓa da littattafan akawun kamfanoni. Ya kuma shafe mata, da masu jin Faransanci, da bayin da wasu manyan 'yan kasuwar suka mallaka a Missouri.

'Yan asalin ƙasa ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na zuwa su yi rawa, su sayar da kayan hannu, su ba da nasu labarin, suna ganin gara a ji daga bakinsu. Wasu kuwa abin da ke damunsu shi ne ganin Bature ya shafa fenti a fuska ya sa hular gashin tsuntsu, wadda a wurinsu sai an cancanta ake sawa. Masanin tarihi Philip Deloria, ɗan asalin Dakota, ya wallafa nazari a 1998 kan wannan ɗabi'a ta Amurkawa ta shigar burtu da kamannin 'yan ƙasa, inda ya nuna ta faro tun kafin samun 'yancin kai. Akwai kuma batun inda labari ke tsayawa. A kwarin Cache, da ke kan iyakar Utah da Idaho ta yau, aka ci kasuwar 1826, a arewacin kwarin ne kuma sojan Amurka suka kashe Shoshone aƙalla 250 a bakin Bear River ranar 29 ga Janairun 1863. Bikin da ya rufe littafinsa a 1840 ba zai kai nan ba. Masu biki na cewa zamani daban ne. Jikokin waɗanda aka kashe na cewa hanya ɗaya ce ta kawo duka biyun.

Akwai wurin da aka gwada wata hanya. A Grand Portage, ƙabilar Ojibwe ta wurin ce ta ba da filin da aka kafa wurin tarihin a 1958, tun 1999 kuma take gudanar da shi tare da hukumar gandun daji ta tarayya. Duk watan Agusta ana yin randebu a gefe ɗaya, ƙabilar na nata taron rawa a ɗaya gefen, a mako guda. Wannan bai kashe muhawara ba, amma ya sauya wanda ke da ta cewa a shirin.

Abin da ya shafi mutanen gari

Ga ƙananan garuruwan Wyoming da Utah da Idaho, inda hunturu ke da tsawo, makon biki na cikin lokutan da masu masauki da gidajen abinci da gidajen mai ke samun ciniki mai kauri. Shi ya sa duk maganar sauya wasan kwaikwayo ko rage wani ɓangarensa kan zama maganar abinci, ba ta tarihi kawai ba.

Masu sayar da kaya na da dokokin da ke kansu. Dokar 1990 ta haramta sayar da abu da sunan aikin hannun 'yan asalin ƙasa idan ba su suka yi ba, laifin farko na iya jawo tarar da ta kai dala 250,000 ko ɗaurin shekara biyar. Gashin gaggafa kuwa ba a saye ba a sayarwa. 'Yan ƙabilun da gwamnati ta amince da su ne kaɗai ke samun izinin karɓarsa don ibada, daga wata ma'ajiya ta tarayya a Colorado. Abin da ake gani a kan masu kwaikwayo yawanci gashin talo-talo ne da aka rina. Baƙon da ya sayi na gaske a ɓoye ya saka kansa cikin shari'a.

A makarantu, Wyoming ta kafa doka a 2017 da ta wajabta koyar da tarihin Shoshone ta Gabas da Arapaho ta Arewa, ƙabilu biyun da ke zaune a keɓaɓɓen yankin Wind River. Ɗaliban da ake kaiwa kallon randebu yanzu suna zuwa da wani ɓangaren labarin a kansu, abin da ke tilasta wa masu bayani su faɗaɗa nasu.

Sai ita bibar. Masana sun kiyasta cewa kafin zuwan Turawa akwai aƙalla miliyan 60 a nahiyar, zuwa 1900 suka koma kusan 100,000, yanzu sun farfaɗo zuwa miliyan 10 ko 15. Ƙarewarsu ta busar da fadamu masu yawa, ƙoramu suka zaizaye suka yi zurfi. A 1948 hukumar namun daji ta Idaho ta jefa biba 76 da laima daga jirgin sama zuwa cikin daji don su sake yaɗuwa. Yau da fari da gobarar daji suka addabi yammacin Amurka, hukumomi da wasu makiyaya na kafa madatsun itace irin na biba don jawo ta, saboda inda ta zauna ruwa kan daɗe, ciyawa ta yi kore har ƙarshen rani. Shoshone ta Arewa maso Yamma, da suka sayi filin kisan Bear River a 2018, suna cikin masu wannan aikin gyaran ƙorama. Wasu manoman kuwa har yanzu ɓarna suke gani, domin biba na toshe magudanar ban-ruwa da kwalbati, ta kayar da bishiyoyi, kuma jihohi da dama na ba su izinin kama ta idan ta yi musu ta'adi.